Indararon Gidan Dadda

Tawrirt, 25 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Dadda Belaid,

Gaisuwa mai yawa, yayana, da fatan kana lafiya, kai da matarka Dahbiya da yara. Mu nan lafiya lau. Awaki uku suna nan, ta huɗun dila ya ɗauke mini wahalar kiwonta.

Bayan gaisuwa, maganar indararon benenka ce, na gefen arewa, wanda yake daidai saman rufina. Iskar kaka ta cika shi da ganyen babbar bishiyar nan ta kan gangare. Da aka yi ruwa ran Alhamis, ko ɗigo bai bi bututu ba. Ta baki ya riƙa ambaliya, daga hawa na uku har kan bangon gidan Baba, bangon da rumbunan Yemma, mahaifiyarmu, suke jingine da shi ta ciki. Ka san bangon nan dutse ne da laka, ba siminti ba.

Na kira Dda Uramdan magini, tunda shi ya ɗora maka ginin. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ya ce tsanin da ya fi kowane tsayi a garin nan hawa na biyu yake tsayawa, kuma ko ya kai, a kan rufina za a kafa shi, rufin kuwa ba zai ɗauki ƙato ba. Amma ta tagar sama, in ji shi, mutum zai miƙa hannu ya kwashe ganyen kafin shayi ya huce. Abin da ake bukata makulli ne kawai.

Bara da bara waccan sanyi ya yi mana sauƙi, shi ya sa ba ka ji daga gare ni ba. Bana tsofaffi sun ce ba haka ba ne. In ƙanƙara ta riski ganyen nan a ciki, sai bazara.

Ba ƙorafi nake ba, tuni nake. Mace ba ta gado a garin nan, haka kakanni suka yanke, ban kuma taɓa kai ƙara ba. Da mijina ya rasu na dawo, abin da aka ba ni shi ne zama a gidan Baba muddin yana tsaye. To ina so ya ci gaba da tsayuwa.

Ka gaida Dahbiya. Ka ce wa yara ɓauren bana ya yi zaƙi, na shanya musu nasu.

Ƙanwarka,
Sekkura

*

Roubaix, Faransa, 9 ga Disamba, 1984

Ƙanwata Sekkura,

Aminci ya tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta same mu cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Aiki a masaƙa sai godiya, har ba na samun lokacin zama. Dahbiya na gaishe ki, yara kuma sun ce a ajiye musu ɓauren.

Game da indararo, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba irin na gwangwani ba ne da ake bugawa a kasuwar Laraba. Daga nan na sayo shi, irin wanda ke jikin gidajen manyan ma'aikata, kuma ƙanƙarar nan ƙasar ta fi taku nesa ba kusa ba. Ban taɓa jin ya ba wani kunya ba. Dda Uramdan mutumin kirki ne, amma gininsa na zamanin da ne, bai saba da irin waɗannan kaya ba.

Makulli yana Aljas, babban birninmu, wurin yayan Dahbiya, shi kuwa tafiye-tafiye sun yi masa yawa. Ban da haka ma, kin san irin kayan da ke cikin gidan: kujeru, madubai, daɓen marmara. Ba wuri ba ne da za a shiga da takalmin taɓo.

Ga abin da ake yi a nan. In bututu ya daskare, sai a tafasa ruwa a riƙa kwarara masa a hankali daga sama zuwa ƙasa, da hantsi, lokacin da rana ta ɗan yi ƙarfi. Kada a yi da yamma, don ruwan da kika zuba shi zai koma ƙanƙara. Kada kuma a buga shi da guduma, zai tsage.

Gidan Baba ya ga sanyi tamanin bai faɗi ba, ba a kanki zai fara ba. In Allah ya kai mu Agusta zan zo in duba komai da kaina.

Yayanki,
Belaid

*

Tawrirt, 27 ga Disamba, 1984

Zuwa ga Dadda Belaid,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin aiki na tafiya.

Dusar ƙanƙara ta sauka ran sha biyar ga wata, kwana uku ba ta tsaya ba. Hanya ta rufe, wasiƙarka ma a aljihun mai alfadari ta iso. Indararon manyan ma'aikata yanzu ƙanƙara ce guda tun daga wannan kusurwa har waccan, ta zuro haƙora ƙasa, wasu sun fi ni tsawo. Da hantsi rana tana narkar da ta kan rufinka, ruwan ya gangaro ya tarar da hanya a toshe, sai ya tsallake ya sauko kaina. Bango ya sha, sanyi ya daskarar da abin da ya sha, laka ta kumbura ta ture dutse. Kowace safiya ina tsintar tsakuwa a bayan rumbun sha'ir.

Na bi shawararka. Na tafasa ruwa tukunya shida na kwarara wa bututun iya inda hannuna ya kai, wato daidai kafaɗata. Wannan yankin ya narke tas, ya yi kyau. Sauran hawa biyu da rabi suna gaishe ka.

Gaskiya ne gidan Baba ya ga sanyi tamanin. Amma a duk tamanin ɗin ba wanda ya tsaya a kansa yana zuba masa ruwa.

Ran Juma'a Dda Uramdan ya kai maganar gaban dattawa, tunda ni ba na shiga taron gari. Ya nemi a ba shi izini ya cire kwaɗon ƙofarka, ya hau ya gyara, ya sa sabo. An daɗe ana yi. Kowa ya yarda bangon zai faɗi, kowa kuma ya yarda ba a taɓa ƙofar mutumin da ba ya nan. Si Lhusin, ɗaya daga cikin dattawan, ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yi ba, kuma rabin gidajen garin masu su suna Faransa. In aka buɗe ɗaya yau don indararo, gobe za a buɗe wani don kyanwa.

Dda Uramdan ya ce masa, "To in ya faɗo mata a ka fa?"

Si Lhusin ya ce, "Sai mu fito gaba ɗaya mu tono ta. Wannan kam doka ta yarda."

An yi dariya, shi ma Dda Uramdan ya ce ya yi, don maganar gaskiya ce.

Ga abin da suka yanke. Ba sai makulli ya zo ba. Layi ɗaya suke so da hannunka, wanda za a karanta a taro: ni Belaid ɗan Amar na yarda a buɗe ƙofata. Mutum biyu za su shiga, Dda Uramdan da shaida ɗaya. Na yi musu magana a kan marmara, sun ce za su cire takalma.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Sekkura

*

Roubaix, 8 ga Janairu, 1985

Ƙanwata Sekkura,

Gaisuwa da fatan kina cikin kariyar Allah. Mu ma nan sanyi ya yi tsanani, famfo ya daskare a unguwa gaba ɗaya.

Na yi tambaya wurin wani maƙwabcina da ya yi shekara talatin yana aikin rufi. Ya ce babu abin da ya kai gishiri. A samu tsohuwar safa doguwa, a cika ta da gishiri mai gari-gari, a ƙulle bakinta, a ɗora ta a gicciye kan ƙanƙarar. Cikin kwana biyu za ta huda hanya, ruwa ya samu wurin bi. Safa huɗu ko biyar sun isa.

Na kuma sa miki ƙunshi a gidan waya. Wata waya ce ta musamman da ake shimfiɗawa cikin indararo. In aka jona ta da lantarki sai ta yi ɗumi, ƙanƙara ba ta sake zama. Ki adana ta wuri mai kyau, ba a samunta ko'ina.

Maganar taron gari kuwa, ban ji daɗi ba da aka kai sunana bakin jama'a a kan ganyen bishiya. Abu ne na cikin gida. Ina nan ina neman yayan Dahbiya, da na same shi za ki ji. Kafin nan ki matsar da shimfiɗarki daga jikin bangon, ki kuma kwashe hatsi daga rumbu.

Allah ya sa mu ga sabuwar shekararmu ta gargajiya lafiya. Ki yanka kaza mai ƙiba.

Yayanki,
Belaid

*

Tawrirt, 21 ga Janairu, 1985

Zuwa ga Belaid ɗan Amar,

Daga Uramdan magini. Ina gaishe ka gaisuwar da zan yi wa ɗan abokina. Ni ban iya rubutu ba, kamar yadda ka sani. Sekkura ce ke rubuta wa duk garin nan wasiƙa, ita ke riƙe da alƙalamin, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Wayarka ta iso. Kyakkyawa ce, ja. Mun zagaya da ita gari muna neman inda za mu jona. Turakun lantarki suna nan inda ka bar su shekara uku da suka wuce, har yau ba wuta, tsuntsaye na jin daɗinsu. Yanzu Sekkura na shanya a kan wayar taka.

Gishiri kuma mun gwada. Sai da dattawa suka zauna tukuna a kan ko jifan gidan mutum da safa shiga hurumi ne. Aka yanke cewa safa ba mutum ba ce. Mu bakwai muka tsaya a kan gangare muna jifa. Ɗaya ta sauka a indararon, ta huda rami, ruwan gishiri ya bi ta ramin ya sauko daidai kan bangon da muke son ceto. Biyu suna kan rufinka. Ɗaya ta samu Si Lhusin, wanda ya zo kallo.

Yanzu bar wasa. Bangon ya yi ciki. Tsagar da ke bayan rumbuna hannuna na shiga har wuyan hannu. Na tokare shi da gungume uku ta ciki, amma gungume ba ya hana laka shan ruwa. In aka samu kwana biyu na rana a jere, duk abin da ke kan rufinka zai sauko lokaci guda. Na ce wa ƙanwarka ta dawo gidana wurin matata, ta ce in ta fita wa zai riƙa kwashe ruwan. Rumbunan kuwa ba sa ɗaguwa. Mahaifiyarku a wurin ta gina su da hannunta, ɗanyar laka ce, da ƙasa suke haɗe.

Ranar da muke ɗora rufin nan na ce maka a juya bututun ta gefen hanya. Ka ce zai ɓata fuskar gida. Na sa shi inda ka ce, gidanka ne.

Zan faɗa maka abin da ake faɗa a dandali, gara ka ji daga bakina. Ana cewa Belaid so yake tsohon gidan ya faɗi da kansa, don ya samu filin gareji ba tare da an ce ya kori 'yar'uwarsa ba. Na ce ƙarya ne, na san ubansa. Aka ce to me ya hana shi layi ɗaya? Nan na tashi na tafi gida. Shekaruna saba'in da ɗaya, ban saba barin dandali haka ba.

Ka rubuto layin nan, ɗana. Ni zan shiga, idona a ƙasa, ba abin da zan taɓa sai taga.

Wassalam,
Uramdan

Dadda, rubutun nawa ne, maganar tasa ce, ban ƙara ba ban rage ba. Kazar sabuwar shekara na yanka. Na jera cokula a bakin akushi yadda Yemma take yi wa waɗanda ba sa nan, naka da na Dahbiya da na yara uku. Maganar gareji ban yarda da ita ba, amma na ji zafinta. Sekkura.

*

Roubaix, 3 ga Fabrairu, 1985

Sekkura,

Gaisuwa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ga makullin nan cikin takarda. Bai taɓa zuwa Aljas ba, yana aljihuna tun ranar da na kulle ƙofar.

Ba gareji nake so ba. Ko mota ba ni da ita yanzu. An rufe ɓangarenmu a masaƙa wata goma sha tara da suka wuce. Da safe ina fita da jakata kamar kullum saboda maƙwabta, rabinsu 'yan ƙasarmu ne, duk abin da suka gani kuma kafin sati ya kai Tawrirt. Dahbiya ce ke goge-goge a wata makaranta.

Babu marmara, Sekkura. Babu kujeru, babu madubi. Bango ne da rufi da tagogi, ciki kuwa siminti ne tsirara, ko ƙofar ɗaki ɗaya ba a sa ba, matakala ba ta da abin riƙewa. Akwatunan da babbar mota ta sauke a gaban jama'a, tukwanen Dahbiya ne da ragowar yadi daga masaƙa. Na ɗauka shekara mai zuwa zan cika gidan kafin kowa ya sani. Shi ya sa muka sauka wurin surukaina na ce fenti bai bushe ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a Faransa, aka yanka sa ranar da ya ɗora rufi, aka yi masa guɗa, ta yaya zai bar Si Lhusin ya leƙa ya ga wannan? Sau huɗu ina zama in rubuta layin da suka nema, hannuna ya ƙi.

Na san abin da na yi. Kowace wasiƙarki na karanta ta fiye da sau goma, na kuma je na nemo miki gishiri da waya. Kunya nake ji har ba na son ganin fuskata.

Ki shiga ke kaɗai. Na taɓa cewa ba aikin mace ba ne, ki manta da wannan. Ki bi matakala ta jikin bango. Tagar arewa tana ɗaki na ƙarshe a hannun hagu, sakatarta tana da tauri, ki ɗaga ta sama kafin ki ja. Ki tafi da ruwan zafi, ki fara da bakin bututun. In ya buɗe, sauran zai bi.

Abu ɗaya nake roƙo, ko da yake ban cancanta ba. Kin san shi.

Ki yafe mini.

Belaid

*

Tawrirt, 14 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga Dadda Belaid,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Makulli ya iso ran Talata. Bangon ya faɗi ran Lahadi bayan azahar, rana ta biyu da aka yi ta haske. Ina wurin awaki, ba abin da ya same ni. Rufin ya bi shi. Rumbunan Yemma sun koma laka. Gari ya fito gaba ɗaya aka tono abin da ya tonu, kamar yadda doka ta yarda.

Ran Laraba na shiga ni kaɗai. Sakatar tana da tauri, yadda ka ce. Buta biyu na ruwan zafi bakin bututun ya sha, na ciro ganye cikin hannu uku, ruwa ya wuce. Na sauko na tarar sauran ruwan butar bai huce ba.

Mata sun tare ni a bakin ƙofa suna tambaya. Na ce musu kujerun kore ne, marmarar kuma har mutum na ganin fuskarsa.

Awaki suna gidan Dda Uramdan, ni ma ina can kafin in ga abin da Allah zai yi. In za ka rubuto, ka sa sunansa a bayan ambulan, tsohon adireshin ba shi da ƙofa. Ɓauren yara yana cikin rumbu na biyu, ka ba su haƙuri.

Ga makullinka na mayar. A riƙa kwashe ganyen kowace kaka, kafin sanyi.

Ƙanwarka,
Sekkura